Darasi: Gaiya, Uwar Ƙasa a Almarar Girkawa da Ma'anar Sunanta a Yau

Gaiya suna ne da Girkawan dauri suka laƙaba wa ƙasa, wannan da ake takawa, ake nomawa, ake kuma rufe mamaci a cikinta. A wurinsu ƙasa mace ce mai rai, uwa ce da ta haifi sama da teku da duwatsu, kuma daga tsatsonta ne akasarin abubuwan bautarsu suka fito. Wasu kan taƙaita sunan su ce Ge, Turawa kuma suna rubuta shi Gaia. Addinin da ya haifi sunan ya shuɗe tun ƙarnuka da dama, amma a ƙarni na 20 sunan ya sake bayyana a bakin masana kimiyya da masu fafutukar kare muhalli. Saboda haka mai karatu a yau yakan ci karo da Gaiya iri uku: ta almara, ta kimiyya, da wadda ake ɗagawa a matsayin tambari. Kowacce da inda ta fito da abin da take nufi, kuma wanda ya cakuɗa su zai ruɗe.

Tushen labarin

Girkawan dauri alloli da yawa suke bauta wa, kuma ba su da wani littafi guda da kowa ya yarda shi ne na addini. Kowane gari da bukukuwansa da irin yadda yake ba da labarin allolinsa. Mawaƙa ne suka tattara waɗannan labarai suka jera su. Wanda ya fi kowa bayani a kan Gaiya shi ne Hesiyod, manomi kuma makiyayi daga ƙauyen Askira da ke gindin dutsen Helikon a tsakiyar Girka, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Waƙarsa mai suna Tiyogoniya, wato asalin alloli, ta haura layi 1,000, kuma kusan dukkanta salsala ce: wane ya haifi wane, wane ya gaji wane.

Bayan Hesiyod akwai waƙoƙin Homa, da wasannin kwaikwayon birnin Atina, da littafin wani matafiyi mai suna Fausaniyas, wanda ya zaga Girka a ƙarni na 2 Miladiyya yana rubuta abin da ya gani a wuraren bauta. Akwai kuma zanen da masu ginin tukwane suka bari a jikin tuluna da sassaƙar da aka yi a jikin duwatsu. Waɗannan kafofi sukan saɓa da juna, shi ya sa labari ɗaya kan zo da fuska biyu ko uku.

Haihuwar sama da teku

A tsarin Hesiyod, abin da ya fara samuwa shi ne Kawos, wani wawakeken sarari da babu komai a cikinsa. Sai Gaiya ta biyo baya, ta zama tabbataccen mazaunin kowa da komai. Tare da ita aka samu Tartarus, ramin duhu da ke can ƙarƙashin ƙasa, da Eros, sha'awar da ke haɗa namiji da mace. Gaiya ta fara haihuwa ita kaɗai, ba tare da miji ba. Ta haifi Uranus, wato sama, daidai faɗinta don ya lulluɓe ta ta kowace fuska. Ta haifi dogayen duwatsu, ta kuma haifi Fontus, wato teku.

Daga nan ta sadu da Uranus, suka haifi 'ya'ya kashi uku. Kashi na farko su ne Titanawa goma sha biyu, maza shida mata shida, autansu Kuronus. Na biyu su ne Saikulob uku, ƙatti masu ido ɗai-ɗai a tsakiyar goshi, maƙeran tsawa da aradu. Na uku wasu dodanni ne uku, kowanne da hannu 100 da kai 50.

Wannan tsari ya fito ne daga abin da manomi ke gani kowace shekara. Ruwa ya sauko daga sama, ƙasa ta sha, tsiro ya fito. Girkawa suka ɗauki saman a matsayin miji, ƙasar kuma mata. Al'ummomi da dama sun yi irin wannan tunani ba tare da sun koya daga Girka ba. Romawa suna da Telus, Ibo suna da Ala, Ashanti na Gana suna da Asase Yaa, mutanen tsaunukan Andis a Kudancin Amurka kuma suna da Fachamama.

Sarauta uku da hannun Gaiya a cikinsu

Uranus ya tsani 'ya'yansa. Duk wanda aka haifa sai ya cusa shi cikin cikin ƙasa, ya hana shi ganin haske. Nauyi ya ishi Gaiya, ta yi ta nishi, daga bisani ta ƙera wani babban lauje na ƙarfe mai tauri, ta tara 'ya'yanta ta nemi wanda zai rama mata. Duk suka yi tsit don tsoro, sai autan, Kuronus, ya amsa. Ta ɓoye shi a kwanton ɓauna. Da dare ya yi, Uranus ya sauko ya rungumi ƙasa, Kuronus ya miƙa hannu ya datse masa gaba da laujen ya jefa a teku. Jinin da ya ɗiga a ƙasa ya haifar da Eriniyes, matan da ke bin haƙƙin jinin da aka zubar, da kuma wasu ƙatti mayaƙa. Daga kumfar da ta taso a teku aka samu Afrodait, allahiyar so.

Kuronus ya hau mulki, ya auri 'yar'uwarsa Riya. Gaiya da Uranus suka gaya masa cewa shi ma ɗansa ne zai kayar da shi, don haka duk jaririn da Riya ta haifa sai ya haɗiye. Ya haɗiye biyar. Da cikin na shida ya tsufa, Riya ta kai kuka wurin iyayenta, suka tura ta tsibirin Karita ta haihu a can. Gaiya ta karɓi jaririn, wato Ziyus, ta ɓoye shi a kogo. Aka naɗe dutse da zanen jariri aka miƙa wa Kuronus, ya haɗiye bai duba ba. Da Ziyus ya girma, da dabarar Gaiya aka sa Kuronus ya amayo dutsen da 'ya'yan nan biyar.

Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Ziyus da Titanawa, aka shekara goma ba wanda ya yi galaba. Gaiya ce ta ba da shawarar a kwance dodannin nan masu hannu ɗari daga inda aka ɗaure su. Suka zo suka yi ta ruwan duwatsu har aka ci Titanawa aka kulle su a Tartarus. Da shawararta kuma alloli suka naɗa Ziyus sarki.

Amma zaman lafiyar bai daɗe ba. Marubutan baya sun ce ɗaure Titanawa ya fusata ta, sai ta tayar da ƙattinta su yaƙi allolin dutsen Olimfus. Da aka karkashe su, ta haifi Taifon, dodo mai kawunan macizai 100 da ke fitar da wuta. Da ƙyar Ziyus ya kayar da shi da aradu, kuma wasu mawaƙa sun ce an danne shi ne a ƙarƙashin dutsen Etna na tsibirin Sisili, shi ya sa dutsen ke aman wuta. Girka ƙasa ce mai yawan girgizar ƙasa, mutanenta sun san ƙasar da ke ciyar da su ita ce kuma ke rusa musu gari a dare ɗaya.

Idan aka dubi labaran uku tare, hali ɗaya ne ke maimaituwa. Gaiya takan ɗora mai mulki, amma da zarar ya danne abin da ta haifa sai ta juya masa baya. Wanda ya ɗauke ta uwa mai lallashi kawai bai karanta rabin labarin ba.

Gaiya a zane da rayuwar yau da kullum

Masu zane na Girka suna da hanyarsu ta nuna Gaiya: mace ce da rabin jikinta ya fito daga ƙasa, sauran rabin yana ciki, domin ba ta rabuwa da ƙasa. Mafi shaharar misali yana jikin babban wurin hadaya na birnin Fergamon, a yammacin Turkiyya ta yau, wanda aka gina a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yanzu yake gidan tarihi a Balin ta Jamus. A jikin farin dutsen, allahiya Atina ta damƙi gashin wani ƙato tana fizgar sa, maciji yana saran ƙirjinsa. A gefe Gaiya ta ɓullo daga ƙasa iya ƙirji, gashinta a kwance, ta ɗaga hannu tana roƙon a bar mata ɗanta. A jikin tuluna kuma akan zana ta tana miƙa wa Atina jariri Eriktoniyus, ɗaya daga sarakunan farko na birnin Atina a almara. Da wannan labari mutanen birnin ke tinƙahon cewa su daga ƙasarsu suka tsiro, ba baƙi ba ne.

Akwai kuma labarin Antayus, ɗan Gaiya da ke zaune a Libiya yana tilasta wa matafiya kokawa. Duk lokacin da aka kayar da shi jikinsa ya taɓa ƙasa, sai ƙarfinsa ya dawo. Jarumi Herakilis ya gane sirrin, ya ɗaga shi sama ya matse shi har ya mutu.

A fagen ibada, an fi kiran Gaiya wajen rantsuwa, domin ba inda mai karya alkawari zai tsaya da ba a kanta ba. A waƙar Iliyad ta Homa, da Girkawa da mutanen birnin Taroy za su ƙulla yarjejeniya, an kawo farin ɗan rago don rana da baƙar 'yar tunkiya don ƙasa. An kuma danganta ta da duba. A wani wasan kwaikwayo da marubuci Eskilus ya gabatar a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ce ita ce ta fara riƙe shahararren wurin duba na Delfi kafin ya kai hannun Afolo, ɗaya daga allolinsu. Fausaniyas ya ga wurin hadayarta na toka a Olimfiya. A Atina ya ga siffarta tana roƙon Ziyus ruwan sama, ya kuma ga wata tsaga a ƙasa da ake zuba wa garin alkama da zuma kowace shekara. Duk da haka bautarta ba ta kai ta Ziyus ko Afolo girma ba, kuma sha'anin hatsi da girbi yana hannun jikarta Dimita. A shekarun 391 da 392 Miladiyya sarkin Rum Tiyodosiyus ya hana yanka ga gumaka, daga nan Gaiya ta koma cikin littattafai.

Yadda sunan ya shiga kimiyya

Wanda ya dawo da sunan shi ne James Lovelock, masanin sinadarai ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1919 ya rasu a 2022 yana da shekara 103. Ya yi kusan shekara 20 yana binciken likitanci a Landan, kuma a 1957 ya ƙera wata na'ura mai gano burbushin sinadarai a cikin iska komai ƙanƙantarsu. A shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauke shi aikin neman hanyar gane ko akwai rai a duniyar Mas.

Lovelock ya ce a dubi iskar da ke kewaye da duniyar. Iskar Mas kusan kashi 95 cikin 100 kabon dayoksaid ce, kuma a kwance take, duk sinadaran da za su iya haɗuwa sun riga sun haɗu. Iskar wannan duniya kuwa kashi 78 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, tare da ɗan burbushin iskar metan. Oksijin da metan ba sa zama tare: cikin shekara goma da 'yan kai metan ɗin kan ƙare. Tunda har yanzu ana samun su tare, lalle akwai abin da ke sabunta su kullum. Tsirrai ne ke fitar da oksijin, metan kuma na fitowa daga ƙwayoyin halittar da ke fadamu, gonakin shinkafa, tumbin shanu da cikin gara. Da wannan Lovelock ya yi hasashen babu rai a Mas, kuma jiragen Viking da suka sauka a can a 1976 ba su samo tabbatacciyar shaidar rai ba.

Sai wata tambayar ta taso. Masana taurari sun nuna cewa a farkon rayuwar duniya hasken rana bai kai na yau ba da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Amma rai ya shafe aƙalla shekara biliyan 3.5 bai yanke ba, teku bai ƙafe ba, bai kuma daskare har ƙasa ba. Lovelock, wanda ya san yadda jikin mutum ke riƙe zafinsa a wajen digiri 37 ta hanyar gumi da karkarwa, ya yi tunanin cewa halittu da iska da teku da duwatsu suna aiki tare ne a matsayin tsari guda mai daidaita kansa. Maƙwabcinsa a ƙauyen Bowerchalke, marubuci William Golding, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1983, shi ya ba shi shawarar ya kira wannan tsari Gaiya. Maƙalar farko mai ɗauke da sunan ta fito a 1972. Daga nan ya haɗa kai da Lynn Margulis, Ba'amurkiya masaniyar ƙananan halittu, wadda ta nuna irin rawar da bakteriya ke takawa wajen sarrafa iska da ƙasa. Littafinsa na 1979 ne ya kai batun ga jama'a. Kafin su, Vladimir Vernadsky na Rasha ya rubuta a 1926 cewa rai ƙarfi ne da ke sauya fuskar duniya.

Ga misalin yadda irin wannan daidaito ke gudana. Ruwan sama na narkar da kabon dayoksaid daga iska, ya zama ruwa mai ɗan tsami da ke cin duwatsu a hankali. Saiwoyin tsirrai da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna hanzarta wannan ci. Koguna su kwashi narkakken sinadarin zuwa teku, halittun ruwa su gina ƙwansonsu da shi, in sun mutu ƙwanson ya nutse ya zama dutsen farar ƙasa. Idan duniya ta yi zafi, cin duwatsun ya ƙaru, kabon ya ragu a iska, sai zafin ya sauka. Sai dai wannan aiki yana ɗaukar ɗaruruwan dubban shekaru.

Suka da amsa

Masana halittu da dama ba su karɓi hasashen ba. Ford Doolittle a 1981 da Richard Dawkins a 1982 sun ce kowace halitta tana fafutukar rayuwarta da ta zuriyarta ne, babu yadda za a yi bakteriya da itatuwa su haɗa baki don gyara yanayin duniya. Wasu kuma sunan ne ya dame su, domin yana sa a ji kamar duniya tana da hankali da niyya.

Lovelock da Andrew Watson suka ba da amsa a 1983 da wani lissafi a kwamfuta da suka kira Duniyar Furanni. Suka ƙaddara wata duniya da babu komai a cikinta sai furanni baƙaƙe da farare, ranarta kuma tana ƙara zafi sannu a hankali. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a watan Afrilu ya san baƙi na riƙe zafi, fari na mayar da shi. Lokacin da rana ke da rauni, baƙaƙen furanni ne ke yaɗuwa saboda suna ɗumama kansu, da haka su ɗumama duniyar. Da rana ta ƙara ƙarfi, farare suka fi jin daɗi, suka yaɗu, suka sanyaya ta. Zafin duniyar ya daɗe a daidai, alhali babu furen da ya yi niyyar komai. Amma da zafin rana ya wuce iyaka, furannin suka mutu, zafi ya yi tsalle farat ɗaya.

Duk da haka muhawarar ba ta ƙare ba, domin tarihin duniya ya nuna halittu kan jawo bala'i ma. Kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, oksijin da wasu bakteriya suka fitar ya taru a iska, ya zama guba ga halittun da ba su saba da shi ba. Wajen shekara miliyan 700 baya, ƙanƙara ta rufe duniya har kusa da layin da ya raba ta arewa da kudu. Wajen shekara miliyan 252 baya, mafi yawan jinsunan halittun teku sun ƙare. Peter Ward a 2009 da Toby Tyrrell a 2013 sun dogara da irin waɗannan hujjoji suka ce babu shaidar cewa rai kullum gyara yake yi wa kansa mazauni.

Abin da ya tabbata

A yau masana sun raba hasashen gida biyu. Cewa halittu suna sauya iska da teku da ƙasa, su kuma waɗannan suna sauya halittu, wannan ya tabbata, kuma a kansa aka gina fannin nazarin tsarin duniya. A 2001 babban taron masana a Amsterdam ya fitar da sanarwar da ta ɗauki duniya a matsayin tsari guda da sassansa ke shafar juna, har da ɗan'adam a ciki. Cewa kuma duniya halitta ce mai rai da ke kula da jin daɗin mazaunanta, wannan bai samu hujja ba. Margulis da kanta ta ƙi a kira duniya halitta guda, Lovelock kuma ya bayyana cewa bai jingina mata niyya ko tunani ba.

Haɗuwar sassan duniya abu ne da ake aunawa. Ƙurar Sahara, wadda kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke cikin manyan wuraren tasowarta, ita ce hazon da ke rufe gari da hunturu, kuma wani kaso nata yana ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon da sinadarin fosfaras mai ciyar da tsirrai. Bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970, Jule Charney ya nuna a 1975 cewa ƙasar da ta rasa ciyayi tana mayar da hasken rana sama, hakan kuma na iya rage hadari. Binciken baya ya gano cewa sauyin zafin tekuna ne babban sanadin farin, rashin ciyayi kuma yana ƙara tsananta shi. Na'urar Lovelock ce kuma ta gano a farkon shekarun 1970 cewa iskar da ake sa wa firji da gwangwanayen feshi ta bazu har tekun da ke kusa da ƙarshen kudancin duniya. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna tana lalata rufin ozon da ke tare mugun hasken rana, abin da ya kai ga yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Gaiya a matsayin tambari

Sunan ya samu karɓuwa ne saboda ya zo a kan gaɓa. A ranar 24 ga Disamba 1968 'yan sama-jannatin Apollo 8 suka ɗauki hoton duniya tana ɓullowa daga bayan wata, a 1972 kuma na Apollo 17 suka ɗauko ta cikakkiya, shuɗiya, ita kaɗai cikin duhu. An yi bikin Ranar Duniya na farko a Amurka ranar 22 ga Afrilu 1970, kuma a 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana wannan rana a matsayin Ranar Uwa Ƙasa, bisa shawarar Bolibiya. A 2008 Ekwado ta sa haƙƙin muhalli cikin kundin tsarin mulkinta da sunan Fachamama. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbo mai suna Gaia a Disamba 2013, wanda ya auna matsayin taurari kusan biliyan 2. Akwai kuma wasu ƙananan ƙungiyoyi a Turai da Amurka da suka mayar da sunan abin bauta na zamani, amma wannan aƙidarsu ce, ba ta da alaƙa da binciken kimiyya.

Kurakurai biyu da ake guje wa

Kuskure na farko shi ne watsi da binciken saboda sunan na gunki ne. Aron suna daban yake da bauta. Watan Janairu da na Maris ma daga sunayen allolin Romawa suka samo asali, kuma mai rubuta su a takarda kwanan wata kawai yake nufi. Abin da ake aunawa da ma'auni, kamar yawan kabon a iska, hujja ce ke tabbatar da shi ko ta rushe shi.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa tunda duniya na daidaita kanta, za ta share duk ɓarnar da mutum ya yi. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid a iska kimanin kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420, zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da digiri 1. Hanyoyin da duniya ke bi ta rage wannan iska suna buƙatar dubban shekaru, alhali ƙarin ya faru cikin ƙarni biyu da 'yan kai. Lovelock da kansa ya yi gargaɗi a shekarunsa na ƙarshe cewa tsarin na iya komawa wani sabon daidaito mai zafi da bai dace da noma da zaman mutane ba.

Almarar Gaiya shaida ce ta yadda wata al'umma ta fahimci dogaronta ga ƙasa da tsoron da take yi mata. Kimiyyar da ta ari sunan ta tabbatar da cewa iska da ruwa da ƙasa da halittu a ɗaure suke da juna, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran. Ba ta tabbatar da cewa duniya za ta kare ɗan'adam daga abin da ya shuka ba. Kula da itace, ruwa da ƙasar noma nauyi ne da ke wuyan mutane.

Tambayoyin bita

1. Wane ne Hesiyod, kuma me ya sa labaran Gaiya suke saɓa wa juna?
2. A bayyana rawar da Gaiya ta taka a faɗuwar Uranus da ta Kuronus.
3. Me ya sa Girkawa ke kiran Gaiya wajen rantsuwa?
4. Ta yaya bambancin iskar Mas da ta wannan duniya ya kai Lovelock ga hasashensa?
5. A kawo suka biyu da aka yi wa hasashen, da abin da Duniyar Furanni ta nuna.
6. Wane ɓangare na hasashen ne ya tabbata, wane ne bai tabbata ba?
7. A tattauna da dattawan gari a kan yadda itatuwa, ruwan sama da albarkar gona suka sauya a zamaninsu, a rubuta abin da aka samu a kawo aji a darasi na gaba.